Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Kolombos, jihar Ohayo,
14 ga Afrilu.

Ƙawata ta kaina,

 Da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da Alhaji da yara baki ɗaya. Ya aiki, ya ƙoƙari? Sanyin Niyok ya sassauta muku kuwa? Mu nan sai shekaranjiya na fita ba safar hannu, har na ga ciyawa ta fara leƙowa a gindin katanga. Ya ciwon bayan Alhaji? Ki ce ina duba shi, kuma ya rage zaman motar nan na awa goma sha biyu, jiki ba ƙarfe ba ne.

Bayan haka, saƙon muryarki na daren Lahadi sau uku na saurare shi. Minti tara cur, rabinsa kuma faɗa kike yi da wanda ba ya wurin. Har na ɗauki waya zan kira, sai na tuna halinmu: mu fara da maganar makaranta, mu ƙare da bikin 'yar wance a Kano, a tashi ba a ƙulla komai ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kamar yadda muke yi lokacin hutu muna 'yan makarantar kwana. Ki karanta a natse, ki miƙa wa Alhaji, sannan ki ba 'yarki takwarata. Inda Hausarta ta cije ki fassara mata, tunda ita ce za ta je ta zauna shekara huɗu.

Ga abin da na fahimta. Malamar da ke ba su shawara a makaranta ta ba takwara sunayen ƙananan kwalejoji goma sha biyu. Alhaji ya duba bai ga ko ɗaya da ya taɓa ji ba, ya ce bai yi shekara ashirin yana tuƙi a titunan Niyok don 'yarsa ta ƙare a kwaleji ba. Ke kuma kin shiga intanet kin samo jerin nan na wa ya fi wa, kin ce a ɗebi biyar na sama a huta. To, inda kuke tsaye ku biyun nan duk na taɓa tsayawa, kuma na ji a jikina.

Bari in fara da Alhaji. Kalmar ce ta ruɗe shi, ba laifinsa. Mu a gida in an ce kwaleji, Barewa ke zuwa mana a rai, ko kwalejin horon malamai. A nan kuwa su Williams da Amherst da Swarthmore cikakken digiri suke bayarwa na shekara huɗu, irin wanda ake samu a Harvard, kuma cikin masu nema goma da ƙyar suke ɗaukar ɗaya. Williams tun 1793 take, amma har yau ɗalibanta kusan dubu biyu ne kawai, da gangan. Kwatanta da jami'ar jiharmu da nake wucewa kullum in zan tafi asibiti, mai ɗalibai wajen dubu sittin. Ki gaya masa Obama a irin wannan kwaleji ya fara, Occidental ta Los Anjelis, ya yi shekara biyu kafin ya koma Columbia. Kofi Annan a Macalester ta Minisota ya gama a 1961. Wangari Maathai ta Kenya, macen Afirka ta farko da ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, a wata 'yar kwalejin mata ta jihar Kansas ta karanta ilimin halittu, wadda na tabbata ko masu tasi na can ba duka suka san hanyarta ba.

Ita kuma libiral ats ɗin da ta sa shi cewa zane za a koya wa yarinya, tsohuwar magana ce daga harshen Latin, ma'anarta ilimin da ya kamaci ɗa mai 'yanci. Fannoni bakwai suke lissafawa a da: nahawu, manɗiƙi, balaga, hisabi, ilimin awo, kiɗa da ilimin taurari. Cire kiɗan ki karanta wa Alhaji sauran, ki ji ko ba zai ce ai wannan karatun zauren kakansa ne ba. Yau abin ya faɗaɗa. Yaro zai taɓa lissafi da kimiyya da tarihi da harshe da falsafa, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya tsayar da fannin da zai zurfafa a ciki. Zaman ma na zauren ne. Yawancinsu ba su da masu digiri na biyu da na uku, saboda haka farfesa da kansa yake shiga aji, shi yake duba rubutu, shi yake jan yaro cikin bincikensa. A Williams akwai darasin da ɗalibi biyu ne da malami ɗaya: wannan mako ɗaya ya rubuto, ɗayan ya yi masa suka, mako mai zuwa a juya. Ina za ka ɓuya in ba ka yi karatu ba?

Na san abin da ke cin Alhaji, likita yake so. To ya kwantar da hankali. A ƙasar nan galibi ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare kamar gida. Sai an gama digirin farko, an yi darussan halittu da sinadarai da fiziks, an zauna jarrabawar MCAT, sannan a nema. A wajen neman nan kuwa, takardar shaida daga malamin da ya san yarinya ciki da bai ta fi ta wanda ya ga sunanta a cikin mutum ɗari huɗu.

Yanzu na dawo kanki da jerinki. Mujallar U.S. News ce ta fara shi a 1983, kuma ba zan ce ƙarya ne ba. Yana auna dukiyar makaranta, da yawan masu gamawa, da yadda shugabannin makarantu ke ganin juna. Sai dai wanda ya tsara shi bai san takwara ba. Kwalejin Reed ta jihar Oregon tun 1995 ta daina aika musu bayananta, kuma ba ta fasa yaye masu zuwa su yi digirin digirgir ba. Ni na bi jerin nan ido rufe a kan ɗana Abba, kuma ban taɓa ba ki labarin duka ba, don kunya.

Makarantu huɗu suka ɗauke shi. Na jera su a takarda bisa lambarsu, na kewaye ta sama da jan biro, na ce magana ta ƙare. Ba mu je mun gani ba, hotuna kawai muka kalla, itatuwa ja da rawaya, gine-ginen dutse kamar a fim. Na kira gida na faɗa wa kowa. Wuri ne can cikin tsaunuka, tafiyar awa tara daga nan, garin kuma titi ɗaya ne. Kullum in na kira sai ya ce, "Lafiya lau, Mama." Ashe daga yammacin Alhamis zuwa Lahadi duk rayuwar wurin a gidajen ƙungiyoyin samari take, ga giya ga kiɗa, wanda ba ya sha kuwa sai ya ƙulle kansa a ɗaki. Masallaci mafi kusa ya fi awa guda a mota, shi kuma ba mota. Ko mai askin da ya iya gashinsa babu. Ƙarshen zango na uku, cikin Disamba, wata ma'aikaciyar makarantar ta kira ni ta ce ya kamata in zo. Na tashi daga aikin dare na kama hanya cikin dusar ƙanƙara. Da na shiga ɗakin, labule a rufe da rana tsaka, gashi ya cukuikuye, wandon da na saya masa da kaina yana zamewa daga ƙugu. Na durƙusa zan jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, sai na jawo kwalin indomi, na sake jawo wani, har huɗu, duk babu komai a ciki. Ashe ya yi wata biyu bai taka ɗakin cin abinci ba, wai ya gaji da zama shi kaɗai a tebur. Ƙawata, a ƙasan nan na zauna na yi kuka.

Ki lura, makarantar ba ta da aibu a kanta. Yaron da suke ɗaki ɗaya har yau yabonta yake yi. Abba ya dawo ya ƙarasa a babbar jami'ar nan cikin dubban mutane, ya samu 'yan'uwansa, ya yi ƙiba, ga shi yana aikinsa, alhamdu lillahi. Abin da na koya shi ne ƙaramar kwaleji ƙauye ce. In zaman ya karɓe ka, kowa naka ne, ka yi kwana biyu ba a gan ka ba sai an ƙwanƙwasa maka ƙofa. In bai karɓe ka ba, babu wata unguwa da za ka koma, fuskokin da ka gani da safe su za ka gani da dare, shekara huɗu. A babbar jami'a kuskuren zaɓi yana gyaruwa, don kowane iri akwai. A ƙarama kuwa dacewa ita ce jarin duka.

Shi ya sa da aka zo kan 'yata Ummi na ce sai ƙafata ta taka. A watan Afrilun 2022 ne, ana azumi, muka ɗauki kwana uku muka zaga biyu daga cikin waɗanda suka ɗauke ta. Ta farkon mai suna ce. Wata ɗaliba ta zaga da mu tana tafiya da baya tana bayani, ta nuna mana ɗakin karatu da wurin ninƙaya. Na ce mata ina Musulmi ke salla? Ta yi murmushi ta ce za ta tambayo. Bayan an aika mu ofis biyu, muka sauka ƙarƙashin wani gini, muka leƙa ta gilashin ƙofa: kujeru jibge har rufi, da darduma ɗaya a naɗe a lungu. Mai mabuɗin kuma ba ya nan. A mota muka yi azahar.

Ta biyun, ke ma da na faɗa miki sunanta a lokacin cewa kika yi, "Ina ne nan kuma?" An bar Ummi ta shiga ajin halittu, ni kuma na zauna a benci a waje ina leƙe. Su goma sha huɗu kewaye da tebur. Malamar, wata dattijuwa mai furfura da takalmin roba, ta juyo ta tambayi baƙuwa ra'ayinta kamar da ma 'yar ajin ce. Na ga Ummi ta gyara mayafi ta yi magana, wani yaro ya musa mata, ta mayar masa. Da aka tashi, matar nan ta ja mu ɗakin gwaje-gwajenta ta nuna mana tankunan ƙananan kifi, ta ce yara uku ke aiki da ita a hutun bazara kuma ana biyan su. Daga nan aka kai mu cin abincin rana. Da muka ce muna azumi, sai mai kula da kicin ya fito da kansa yana goge hannu, ya buɗe wani firiji ya nuna mana robobi jere, kowace da sunan mai ita. Na sahur ne, na ɗalibai goma sha ɗaya. Ya ce ɗakin ana rufe shi kafin rana ta faɗi, don haka a watan nan yake tsayawa sai sun sha ruwa. Har dabino ya ba mu a takarda. Muka kamo hanya Ummi ba ta ce uffan ba, sai da muka yi nisa ta ce, "Mama, matar nan ta tambaye ni yadda ake faɗin sunana, kuma ta maimaita har ta iya." Ban ƙara tambayar ta komai ba.

To, ga yadda zan ce ku bi da jerin goma sha biyun nan. Kafin a duba kowace makaranta, a fara duba yarinyar. Takwara irin wadda ke son a sake ta ta yi kiwo ce, ko wadda ta fi son a shata mata hanya? Amherst da Hamilton da Grinnell kusan babu darasin dole a cikinsu, ɗalibi da malamin da ke ba shi shawara su ke tsara komai. Mai kan gado ya ji daɗi, mai rawar kai ya ɓata. St. John's kuwa akasin haka ce, kowa littattafai iri ɗaya zai karanta shekara huɗu, daga na tsoffin Girkawa zuwa na kusa. A Colorado College darasi ɗaya tak ake yi na mako uku da rabi, a gama shi a ɗauki wani. Carleton zango uku take yi a shekara, kowane mako goma, gudu ba tsayawa. A Wooster da ke nan jiharmu ba mai fita sai ya yi bincike na kansa a shekarar ƙarshe, da malami ɗaya a kansa. Duk ƙananan kwalejoji ne, amma kin ga ba tukunya ɗaya suka fito ba. A kuma tabbatar abin da take so yana nan. In injiniya ne, ƙalilan ke da shi, irin su Swarthmore da Smith da Union da Harvey Mudd. In aikina na jinya take sha'awa, yawancinsu ba sa koyar da shi sam, gara a sani tun yanzu.

Sai wuri. Grinnell makaranta ce mai kyau, mai dukiya, asusun waƙafinta ya haura dala biliyan biyu, amma tana tsakiyar gonakin masara na Ayowa, a garin da bai fi mutum dubu tara da 'yan kai ba. Yarinyar da ta tashi da ƙarar jirgin ƙasa a Bronx, ko ta ji shirun nan kamar an sauke mata kaya, ko ya hana ta barci. Ita kaɗai ta sani. Macalester kuwa cikin birnin St. Paul take, ga Somaliyawa da masallatansu da mahautansu, sai dai sanyin Minisota ba wasa. Annan da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya raina abin rufe kunne da ya ga mutanen garin na sawa, har ranar da kunnuwansa suka kusa daskarewa, ya je ya sayo mafi girma da ya samu. Wasu kuma ƙanana ne amma suna da maƙwabta. 'Yar Smith ko Mount Holyoke tana iya hawa bas ta je ta ɗauki darasi a Amherst ko a babbar jami'ar jihar. Su Pomona da Scripps a Kalifoniya katanga ɗaya suke da 'yan'uwansu. Wannan yana rage ƙuncin ƙauyen da na faɗa miki.

In Alhaji ba zai iya barci ba sai yarinya na kusa, ai ku Allah ya yi muku gata. Barnard ta mata zalla ce tun 1889, titi kawai ya raba ta da Columbia, kuma jirgi mai lamba 1 daga Bronx zai sauke ta a bakin ƙofa. Sarah Lawrence na nan Yonkers a bayanku. Vassar tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin da ke bin bakin kogin Hudson, nisan da za ta koyi tsayawa da ƙafarta, ke kuma ki iya kai mata miyar kuka ran Asabar. Kwalejojin mata kada ku raina su, su Wellesley da Bryn Mawr, da Spelman ta baƙaƙen fata a Atlanta. Amma kada Alhaji ya ɗauka makarantar kwana ce irin tamu mai matiron da ƙararrawa. Ba mai tsare kowa a ƙasar nan. Tarbiyyar da kuka yi mata ita ce katangarta.

In kun je gani, ku je ranar karatu, kada ku je lokacin hutu. Ku bar mai zagayawa ta gama wa'azinta, sannan takwara ta tare wata mai mayafi ko wata baƙar fata ta tambaye ta gaskiya. Mutum nawa ke zuwa Juma'a, kuma wa ke jan ta? Akwai limamin makaranta ko malamin da ke tsaya wa Musulmi? Naman halal kullum ne ko sai ranar baƙi? Akwai ɓangaren kwana na mata zalla, da banɗakinsu? Wanda ba ya shan giya, me yake yi daren Asabar? A ina ake kitso? Kada ki yi dariya, kitson nan ya sa yara kuka. Yawancin waɗannan kwalejoji kuma suna biya wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuɗin mota ko jirgi a lokacin kaka su zo su kwana biyu su gani, amma sai an cike takarda tun bazara. Ta tambayi malamarsu.

Mu zo ga kuɗi, inda na san cikinki ke ɗurar ruwa. Za ki ga an rubuta sama da dala 80,000 a shekara, wasu har sun haura 90,000. Kada ki rufe shafin. Wannan kuɗin farko ne irin na 'yan Kwari, masu hali ke biyan sa. Doka ta wajabta wa kowace kwaleji ta sa ma'auni a shafinta, inda za ki zuba abin da ke cikin takardar harajinku ya fitar miki da kimanin abin da za ku biya. Ku zauna da Alhaji dare ɗaya ku gwada duka goma sha biyun. Za ki sha mamaki, sau da yawa mai tsadar ce ke fitowa da arha, don ita ke da waƙafin da za ta cike giɓin. Gwamnatin tarayya na ba da tallafin Pell, mafi yawansa dala 7,395 a shekara, ta hanyar fom ɗin FAFSA. Kwalejojin kuma galibi suna neman wani fom, CSS Profile, mai tone-tone kamar surukar zamani: mota, gida, ajiya, komai. Akwai gurbin ƙarin bayani a ciki, ku rubuta abin da kuke aika wa su Inna duk wata da kuɗin maganin Baba. Ba roƙo ba ne, gaskiyar aljihunku ce.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne bashi. Takardar tallafin Abba da ta zo, a ƙasa an rubuta saura sifili, na yi ta guɗa. Sai daga baya na gane layi biyu na ƙarshe rance ne mai kuɗin ruwa, ɗaya a wuyansa, ɗaya a wuyana. Shekara biyar ina biya, ga nauyin aljihu ga nauyin zuciya, kin dai san matsayin riba a wurinmu. Duk takardar da ta zo, ki ɗauki biro ki soke kowane layi na rance, abin da ya rage shi ne gaskiya. Kuma akwai makarantun da suka cire rance daga tallafinsu gaba ɗaya. Amherst da Bowdoin da Swarthmore sun yi haka tun 2008, Williams kuma a 2022 ta mayar da nata kyauta zalla, har aikin dole ta cire. Mu Musulmi wannan babban abin dubawa ne. Sannan ku mazauna jihar Niyok kuna da shirin tallafi na HEOP, wanda su Barnard da Hamilton da Skidmore ke ciki. Akwai QuestBridge, ana rufewa ƙarshen Satumba, wanda aka haɗa shi da makaranta ya samu shekara huɗu kyauta. Akwai kuma Posse, da aka fara a garinku a 1989: yara goma-goma suke turawa kwaleji ɗaya tare, an ɗauke musu kuɗin karatu, don kada yaro ya je ya zama bare. Makarantar sakandare ce ke ba da suna, saboda haka takwara ta je ta nuna kanta tun yanzu. Duk lokacin da na tuna kwalayen indomin nan sai in ce ina ma Abba ya tafi da mutum tara.

Wani abu kuma da ba a so a faɗa: ƙananan kwalejoji suna mutuwa. A jiharku kaɗai Cazenovia ta rufe a 2023, Wells ta bi ta a 2024 bayan ta haura shekara 150, yara suka kwashi kaya suna neman inda za su ƙarasa. In wadda ba ta da ƙarfi ta yi muku ragi mai yawa, ku yi murna amma ku bincika. Shafin gwamnati na College Scorecard zai nuna muku cikin waɗanda suka shiga nawa ke dawowa shekara ta biyu, nawa ke gamawa, da bashin da suke fita da shi. Inda yara ke guduwa bayan shekara guda, akwai dalili.

Lokaci kuma ba ya jira. Bazarar nan ta rubuta bayanin kanta na fom ɗin neman shiga na Common App, kuma don Allah ku bar ta ta rubuta da bakinta. Labarin yadda take yi wa Alhaji lissafin kuɗin mai da na gada a teburin kicin ya fi duk wani ƙaƙale. Akwai neman sammako da ake rufewa 1 ko 15 ga Nuwamba, amma alkawari ne, in an ɗauke ta dole ta je, kuma ba za ku samu damar jera takardun tallafi ku gwada ba. Kada ta yi shi sai ga wadda ta gani da ido kuma ma'aunin kuɗin ya yi muku daɗi. Sauran a farkon Janairu ake rufewa, amsa ta zo ƙarshen Maris, a ba da tabbaci 1 ga Mayu. Ta nemi kamar takwas ko tara: biyu ko uku na gwada sa'a, huɗu na daidai wa daida, biyu da kusan tabbas ne, da jami'ar gwamnati a ciki. Sharaɗi ɗaya ne, kada a sa sunan wadda in ita kaɗai ta ɗauke ta za ta tafi tana kuka.

Daga nan sai ku yi istihara ku bar mata zaɓi. Na san da wuya. Mu aka zaɓa wa makaranta, aka zaɓa mana kusan komai, muka ce to. Kuma na san daɗin a kira gida a faɗi sunan da kowa ya sani. Amma 'yan gida kwana biyu za su yi suna taya ki murna su koma harkarsu, ita kuma a bar ta da daren Fabrairu, ƙarfe biyar duhu ya yi, an ba ta maki mara daɗi, tana neman ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Wannan ƙofar za ku je nema. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ƙawata, ni na sayi kura sau ɗaya, ya ishe mu ni da ke.

Ummi za ta gama ranar Asabar ta uku a watan Mayu, in Allah ya kai mu, kuma na riga na gaya wa babansu kuna zuwa, don haka ba ki da hanyar zillewa. Ku taho da takwara, ku taho da Alhaji ko da kwana ɗaya ne, motar ba za ta gudu ba. A wurinsu ɗaya bayan ɗaya ake kiran kowa, kuma Ummi ta ce mai kiran ya neme ta har ofis, ya sa ta faɗi sunan babanta sau biyar yana rubutawa, wai ƙ ɗin nan ke ba shi wahala. Ina so Alhaji ya zauna a kujera ya ji Bature ya fitar da ita daga maƙogwaro a gaban jama'a, sannan mu ji ko zai sake cewa kwaleji. Dattijuwar mai kifi ma ta ce tana son ganin dangi.

In za ku taho ki biya shagon mutanen Kumasi na kusa da ku ki sayo mini daddawa da kuka da yajin ƙuli, namu na nan duk sun sha iska. Ki gaida Alhaji da kyau, ki shafa mini kan auta. Takwara kuma ki ce ta kira ni da kanta, ba a gabanki ba. Abba da Ummi da babansu duk suna gaisuwa. Allah ya yi wa yaran nan zaɓi mafi alheri, ya sa mu ga amfaninsu.

Taki har kullum,
Maman Abba.